Daga Dilimi zuwa Lena: Abin da Ruwa Ke Kwashewa daga Daskararriyar Ƙasa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Dilimi a cikin garin Jos a watan Agusta, bayan an kwana ana tafka ruwa, ya san launin kogin. Ja ne, mai kauri kamar kunun jar dawa. Abin da ya rina shi ƙasa ce: ƙasar gonaki, da ta kwazazzabai, da ta tsofaffin ramukan kuza. Kuma ta tafi ke nan. Dilimi zai gangara da ita ƙasar Bauchi, ta bi Kogin Jama'are, ta haɗu da ruwan Haɗeja, ta nufi Tafkin Chadi ta Komadugun Yobe. Daga wannan tudu ne kuma Kogin Kaduna ya ɗauko hanyarsa zuwa Neja, Gongola kuma ya nufi Binuwai, ya same shi a Numan.

Mutanen Jos sun daɗe da sanin wannan ɗabi'a ta ruwa. Tun farkon ƙarni na 20 da kamfanonin Turawa suka buɗe haƙar kuza a Naraguta da Bukuru da Barikin Ladi, an riƙa yanke tudu da ƙarfin ruwa, a wanke kuza, a saki laka ta bi rafi. Kududdufan da masu noman rani ke ban ruwan lambu da su a yau tabon wancan aiki ne. Da zarar an yaye wa ƙasa fatarta, ruwa ne ke gaje ta.

Na kawo wannan ne domin irinsa na faruwa a can ƙuryar arewacin duniya, a gaɓar Tekun Aktik. Sai dai a can zafi ne mai haƙar, abin da ruwa ke wankewa kuma kabon ne, sinadarin nan da ke jikin kowane ganye da itace da nama, wanda in ya ruɓe ko ya ƙone yake tashi sama a matsayin iskar kabon dayoksaid mai ɗumama duniya.

Mu a Jos muna alfahari da sanyi. Muna zaune a kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, hunturunmu na sa baƙo ya nemi bargo biyu, da damina kuma wani lokaci ƙanƙara kan zubo ta ɓata amfanin gona. Amma ƙasarmu ba ta taɓa daskarewa ba. A birnin Yakutsk na Saberiya sanyin hunturu yakan zarce digiri 40 ƙasa da sifili, ƙasar da birnin ke kai kuma a daskare take har zurfin ɗaruruwan mitoci. Shi ya sa ake ɗora manyan gidajensu a kan ginshiƙai, don kada ɗumin ɗaki ya narka ƙasa gini ya nutse. Masana na kiran ƙasa daskararriya in ta yi aƙalla shekara biyu a jere ba ta narke ba, amma akwai wadda ta yi shekaru dubbai a haka. Irinta ce ta mamaye kusan kashi 65 cikin ɗari na Rasha, da mafi yawan Alaska, da wajen rabin Kanada.

Uwargidan da ta taɓa ajiye naman layya a firiza za ta gane matsalar nan take. Muddin da wuta, nama na nan yadda aka sa shi. In aka ɗauke wuta kwana uku, hanci ne zai ba da labari. Ciyawa da saiwoyi da gawar dabbobin da suka mutu a waɗannan yankuna tun zamanin ƙanƙara ba su samu damar ruɓewa ba, sanyi ya riƙe su. A gabashin Saberiya akwai wata irin ƙasa da ake kira yedoma, cike da ƙanƙara da tarkacen tsirrai, wadda har yau mutane ke tono hauren mamot a cikinta, wato giwar nan mai gashi da ta ƙare tuntuni. An ƙiyasta kabon da ke ajiye a wannan firiza da tan biliyan 1,460 zuwa 1,600, kusan ninki biyu na wanda ke sararin samaniya yanzu.

To, wutar ta fara ɗaukewa. Wani binciken masanan Finlan na 2022 ya nuna cewa tun 1979 yankin Aktik na ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya. Ranar 20 ga Yuni, 2020, zafi ya kai digiri 38 a Berkoyansk, garin da ya yi suna da azabar sanyi. Ba da nisa da nan ba akwai ramin Batagaika, wanda ya faro a matsayin ɗan kwazazzabo bayan an sare daji a shekarun 1960, yanzu kuma tsawonsa ya kai kilomita guda, yana ci gaba da cin gefensa kowace bazara. Mutumin Bukuru da ya ga hoton ramin zai ce ya san wannan.

Hanya ta farko da kabon ɗin ke bi zuwa teku koguna ne. Tekun Aktik ƙarami ne, bai wuce kashi 1 cikin ɗari na ruwan tekunan duniya ba, amma yana karɓar kusan kashi 10 cikin ɗari na ruwan da kogunan duniya ke zubarwa. Manyan kogunan yankin shida ne: Ob da Yenisi da Lena da Kolima a Rasha, sai Makenzi a Kanada, da Yukon a Alaska. Duk tsawon hunturu Lena na kwance ƙarƙashin ƙanƙara. A ƙarshen Mayu zuwa Yuni sai ta fashe, ambaliya ta taho gaba ɗaya, kuma a 'yan makonnin nan ne kogin ke kwashe babban kaso na kayan shekara. Kabon na tafiya iri biyu. Akwai wanda ya narke a ruwa ya rina shi kamar shayi, akwai kuma ɓarɓashi da ke tafiya tare da laka. Narkakken kaɗai da kogunan yankin gaba ɗaya ke kawowa ya kai wajen tan miliyan 30 a shekara.

A nan akwai wani abu da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Ana gane shekarun kabon ta hanyar auna wani nau'insa mai lamba 14, wanda rabinsa ke ɓacewa duk shekara 5,730. In aka ɗebi ruwa a bakin manyan kogunan, sai a ga narkakken kabon ɗin mafi yawansa sabo ne, na tsirran 'yan shekarun nan. Ina tsohon ya shiga? Amsar ta fito daga wata gaɓa ta Kogin Kolima mai suna Dubani Yar, inda yedoma ke zubowa cikin ruwa. Jorien Vonk da abokan aikinta sun ɗebi ruwan da ke tsatsowa daga nan, suka tarar kabon ɗinsa ya haura shekara 21,000, kuma cikin kwana 14 ƙananan halittun da ido ba ya gani sun cinye kashi ɗaya cikin uku nasa. Ashe tun a hanya ake cinye tsohon, ya tashi sama kafin ya ga teku. Abin da sanyi ya tsare tun kafin a san noma, mako biyu ya isa a fara rabon sa.

Hanya ta biyu ta fi tayar da hankali ga mai kallo, domin ita teku ce da kanta ke zuwa ta ɗiba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gaɓar tekunan duniya daskararriyar ƙasa ce. A da ƙanƙarar da ke rufe teku ita ce garkuwarta, ba ta barin igiyar ruwa ta taɓa gaɓa sai na ɗan lokaci a shekara. Yanzu ƙanƙarar na janyewa da wuri, ta dawo a makare, igiya mai ɗumi ta yi ta ƙwaƙule gindin gaɓa har guntu mai girman ɗaki ya karye ya faɗa ruwa. Matsakaicin abin da ake rasawa rabin mita ne a shekara, amma a gaɓar Drew da ke arewacin Alaska an auna kusan mita 7 a shekara tsakanin 1955 da 1979, ya koma sama da mita 13 tsakanin 2002 da 2007. Mutanen ƙauyen Shishmaref sun ga gidajensu na rufzawa cikin teku, har suka kaɗa ƙuri'ar tashi daga garinsu a 2016. Akwai kuma daskararriyar ƙasar da teku ta rufe tun ƙarshen zamanin ƙanƙara, wadda ke narkewa daga ƙarƙashi tana sakin iskar metan, wadda ita ma ke ɗumama duniya.

A wannan ruwa na bakin gaɓa ne ake yanke wa kabon hukunci. Tekun da ke arewacin Saberiya ba shi da zurfi, wajen mita 50 ne a matsakaici, kuma haka yake shimfiɗe ɗaruruwan kilomitoci. Abin da ya nutse laka ta binne shi ya sake samun ma'aji. Abin da igiya ta yi ta motsawa kuwa ƙananan halittu na samun sa. Masanan Jami'ar Stokholm da takwarorinsu na Rasha sun ratsa wannan teku da jirgin bincike a 2008, kuma a 2012 suka ƙiyasta cewa tsohon kabon tan miliyan 44 ke motsawa a shekara daga wannan gaɓa, kashi biyu cikin uku yana komawa iska. Wasu ƙididdigar sun fi wannan ƙanƙanta, muhawara kuma na nan. Wani binciken na 2018 a Tekun Laptef ya nuna cewa ɓarɓashin kan ɗauki wajen shekara 3,600 kafin ya ratsa kilomita 600 zuwa ruwa mai zurfi, kuma kafin ya isa mafi yawansa ya ruɓe.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma a nan maganar ta zama zahiri. Iskar da ruɓewar ke fitarwa tana narkewa a ruwa ta ƙara masa tsami, tsamin kuma yana hana halittu masu ɓawo gina ɓawonsu, su kuwa abinci ne ga kifi da manyan dabbobin da mutanen yankin ke rayuwa a kansu. Adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Lakar na zuwa da taki. Wani bincike na 2021 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na tsiron ƙananan tsirran Tekun Aktik ya dogara ne da abin da koguna da zaizayar gaɓa ke kawowa, kamar yadda ƙasar da manomin tudu ya rasa ke zama albarkar fadamun Haɗeja da Nguru.

A ganina bai kamata a kambama lamarin fiye da yadda yake ba. Man fetur da gawayin kwal da iskar gas da ɗan Adam ke ƙonawa suna fitar da kabon wajen tan biliyan 10 a shekara, abin da gaɓar Aktik ke saki bai kama ƙafarsa ba. Abin tsoron shi ne ana iya rufe masana'anta da doka, amma babu majalisar da za ta umarci gaɓar da ta faɗa teku ta koma ta daskare. Rahoton hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka na 2024 ya ce filayen Aktik da suka yi shekaru dubbai suna haɗiye kabon yanzu sun fi fitarwa. A daidai wannan lokaci ne kuma yaƙin Yukiren ya katse haɗin gwiwar masanan Yamma da na Rasha tun 2022, alhali mafi yawan wannan ƙasa a Rasha take.

Iskar da ta tashi daga bakin Lena ba ta tsayawa a can. Manomin dankalin Turawa a Bokkos da Mangu jarinsa sanyin tudun nan ne. Iska kuma duk digiri ɗaya da ta ƙara ɗumi tana riƙe ƙarin danshi na wajen kashi 7 cikin ɗari, abin da ke ƙara nauyin ruwan sama in ya tashi zuba. Mutanen Rikkos da Gangare da suka ga ambaliyar Yulin 2012, wadda ta ci rayuka fiye da 30, sun san abin da ruwa mai nauyi ke yi a kan ƙasar da aka yaye.

Da yawa daga abin da aka sani game da kogunan Aktik an san shi ne domin tun 2003 akwai masu zuwa bakin kogunan nan shida da kwalba, rani da damina, suna ɗibar ruwa suna aunawa. Aiki ne da bai fi ƙarfinmu ba. Ina kira ga Jami'ar Jos da hukumar kula da koguna ta tarayya da su kafa irin wannan awo na dindindin a Dilimi da mafarin Kaduna da Gongola, a riƙa buga sakamakon duk shekara, har da Hausa, don manomi da ɗan majalisa su san yawan ƙasa da takin da tudun nan ke rasawa kowace damina.