Wa zai kashe na'urar idan hanyar Birnin Gwari ta rufe?

Tun bayan da Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024 aka sake buɗe kasuwar shanun da ta yi shekaru a rufe, hirar yankin ta fara karkata daga ƙirgar waɗanda aka rasa zuwa batun komawa gona, buɗe makarantu da gyaran asibitoci. A irin wannan lokaci ne gwamnati da ƙungiyoyin agaji kan yi ta shigo da kayan aiki, kuma a zamanin nan ba a rasa kwamfuta a ciki: ta ajiye bayanan marasa lafiya, ta ɗakin karatu, ta horar da ɗalibai kan jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta. Ni da nake koyar da kimiyyar kwamfuta a jami'a, ina da tambayar da nake so duk mai sa hannu a kan irin wannan kwangila ya yi: wa zai kunna na'urar da safe, wa kuma zai kashe ta idan wuta ta ɗauke?

A kowane ɗakin kwamfuta na kirki akwai guda ɗaya da sauran suka dogara da ita, wadda ake kira uwar garke. Ita ke riƙe da rumbun bayanai, ita ke amsa buƙatun sauran. Da yawa daga cikin manhajojin da ake ɗora mata an gina su ne a kan zaton akwai mutum zaune a gabanta. Sai ya rubuta umarni su tashi, su nemi kalmar sirri, wani lokaci su yi masa tambaya su tsaya jiran amsa. Idan za a tashi aiki kuma, sai ya rubuta kalmar tsayawa, ya jira su gama tattara kayansu.

Wannan tattara kayan shi ne inda gizo ke saƙar. Manhaja ba ta rubuta komai a faifan ajiya nan take. Takan riƙe wasu bayanai a ƙwaƙwalwar wucin gadi, kamar ɗan kasuwar da ke rubuta cinikin yini a 'yar takarda, sai dare ya kwafe cikin babban littafi. In wuta ta yanke kafin a kwafe, takardar ta tafi. Rumbunan bayanai na zamani irin su PostgreSQL suna da dabarar farfaɗowa bayan irin wannan yankewa, amma faifai masu araha da ƙananan katunan ajiya irin na Raspberry Pi ba sa jure a riƙa yanke musu wuta kullum. Wata rana abin zai ƙi tashi, kuma abin da ke ciki na iya zama tarihin awon cikin mata na shekara guda, ko makin ɗalibai na zango biyu.

A cikin garin Kaduna, maganin wannan shi ne a kira injiniya. Birnin Gwari kuwa tana da tazarar fiye da kilomita 100 daga Kaduna, ta hanyar Buruku da Udawa, hanyar da aka yi shekaru matafiya na jiran rakiyar jami'an tsaro kafin su bi, saboda 'yan bindigar da suka yi sansani a dajin Kamuku da dazuzzukan da ke maƙwabtaka da shi. Muna fatan zaman lafiya ya ɗore, sai dai ba a gina tsari a kan fata kaɗai. Wani zai ce ai injiniya na iya shiga na'urar daga nesa ta intanet. To, a tuna ƙarshen watan Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta sa aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar, har da wannan yanki, aka kwashe kusan wata biyu a haka. A tuna kuma Oktoban 2024, sa'ad da mafi yawan jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, ga layin wutar Shiroro zuwa Kaduna a lalace, rashin tsaro ya hana ma'aikata isa wurin gyara. Hanya, waya da wuta duk sun taɓa yankewa a ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan.

Abin da ya rage shi ne na'urar ta iya kula da kanta, kuma dabarar ba sabuwa ba ce. Ana rubuta jerin umarnin da mutum zai bayar a cikin fayil guda, a bar wa kwamfuta ta riƙa bi da kanta. A tsarin Linux akwai systemd, wanda ya fito a 2010: shi ke tayar da manhajoji bisa tsari, rumbun bayanai kafin abin da ya dogara da shi, ya kuma kashe su daga na ƙarshe zuwa na farko. Idan zai kashe manhaja yakan aika mata saƙon ta kintsa, ya ba ta daƙiƙa 90 in ba a sauya adadin ba, sannan ya tsayar da ita da ƙarfi.

Matsalar manhaja mai jiran mutum ita ce wata ba ta jin wannan saƙo, sai kalmar da aka rubuta mata a allo. Domin irinta ne Don Libes, ma'aikacin cibiyar ma'aunai ta ƙasar Amurka, ya ƙirƙiro Expect a 1990. Aikinta shi ne ta zauna a kujerar mutum: ta karanta tambayar da manhaja ta yi, ta rubuta amsa, ta jira ta gaba. Wasu kuma kan bar manhajar tana aiki a cikin tmux, sai fayil ɗin umarni ya tura mata kalmar tsayawa idan lokaci ya yi. Sai a haɗa wannan da batirin ko-ta-kwana ta hanyar manhaja irin su NUT, wadda ke sanar da uwar garke cewa caji ya kusa ƙarewa, ta fara rufe ayyuka tun da sauran numfashi. A ƙarshe a saita na'urar ta tashi da kanta da zarar wuta ta dawo.

Akwai wani tarko a nan da yakan kama har gwanaye. In uwar garke ta kashe kanta, sai wuta ta dawo kafin batirin ya mutu, ita a wurinta wuta ba ta taɓa yankewa ba, don haka ba za ta tashi ba. Dole a umarci batirin ya yanke mata wuta na ɗan lokaci sannan ya maido.

Ba na cewa rubutaccen umarni ba shi da aibi. Nakan ga ɗalibai sun rubuta cewa a jira daƙiƙa talatin sannan a kashe, maimakon a duba ko manhajar ta gama da gaske. Ran da bayanai suka yi yawa, talatin ba za ta isa ba. Nakan ga an rubuta kalmar sirri ƙarara a cikin fayil, abin da ke nufin duk wanda ya sace kwamfutar asibiti ya sace asirin marasa lafiya tare da ita. Akwai kuma umarnin da ke ta sake tayar da manhajar da ta riga ta lalace, yana ƙara ɓarna a kowane zagaye. Duk da haka, kuskuren da ke rubuce ana iya karanta shi a gyara sau ɗaya, saɓanin mantuwar ɗan Adam. A ranar 1 ga Agustan 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda an sabunta manhaja a uwayen garke bakwai aka tsallake ta takwas. A nan gida, shugaban JAMB Farfesa Is-haq Oloyede ya fito a watan Mayun 2025 ya amsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 ya samu matsala a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, domin gyaran da aka yi wa manhaja bai kai ga uwayen garkensu yadda ya kamata ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar wasu 'yan kwangila ta riƙe sirrin kunnawa da kashewa a kansu, don a riƙa kiransu ana biyan kuɗin mota da na kwana. Ma'aikaciyar jinya a Kuyello ko malamin makaranta a Dogon Dawa ba aikinsu ba ne haddace umarnin kwamfuta. Ya ishe su maɓalli ɗaya, da takarda guda da Hausa a manne a bango. Ya kamata fayilolin umarnin su zama cikin kayan da ake miƙawa, da bayanin kowane layi, yadda wani matashi ɗan garin da ya yi difloma zai iya karantawa.

Ranar miƙa aiki kuwa, kafin a biya kuɗin ƙarshe, shugaban wurin ya sa hannunsa ya zare wayar wuta daga bango, injiniya na tsaye ba tare da ya taɓa komai ba. A jira har na'urar ta rufe ayyukanta ta mutu, a mayar da wayar, a ga ko ta tashi, a buɗe bayanin ƙarshe da aka shigar a tabbatar yana nan. A maimaita sau uku, ɗaya daga ciki a maido wutar tun batirin bai ƙare ba.