Haya da Baki, Tara da Takarda: Halin Masu Gidaje Daga Kpandai Zuwa Bawku

Duk lokacin da aka turo sababbin malaman makaranta, ma'aikatan jinya da 'yan bautar ƙasa zuwa Kpandai, a ƙasar Ghana, abin da suke fara nema shi ne ɗaki. Cinikin kuwa ba ya cin lokaci. Wani sananne zai kai baƙo wurin mai gida, a gaisa, a faɗi kuɗi, baƙo ya ƙirga na shekara ɗaya ko biyu, ko ya tura ta waya, a miƙa masa makulli. Sau da yawa ko harafi ɗaya ba a rubutawa. Haka ake yi a Salaga, haka a Yendi, haka a Bawku. Abin da masu gidaje da dama ba su sani ba shi ne, da wannan cinikin hukuma ta fara ƙirga musu kwanaki: 14 na rajistar yarjejeniya, 30 na biyan haraji.

Ka'idojin ba na jiya ba ne. Babbar dokar haya ta Ghana, mai lamba 220, an yi ta ne a 1963, zamanin Kwame Nkrumah. Ita ce ta haramta wa mai gida neman kuɗin gaba da ya wuce na wata shida, kuma wanda aka samu da laifi yana iya fuskantar tara ko ɗaurin da zai kai shekara biyu. A 1986 gwamnatin soja ta Jerry Rawlings ta ƙaro wata, mai lamba 138, wadda ta ce a yi wa yarjejeniyar haya rajista cikin kwana 14, a kuma ba ɗan haya katin da ake rubuta sunan mai gida, sunan ɗan haya da adadin kuɗin. Ta ma hana mai gidan da bai yi rajista ba neman kuɗin haya. Ofishin Rent Control, a ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka da Gidaje, shi ke kula da wannan fanni.

Shekaru da yawa waɗannan dokoki suna kwance a takarda. Abin da ya canja shi ne idon hukuma. Tun 2021 lambar katin ɗan ƙasa, Ghana Card, ta zama lambar mai biyan haraji, kuɗin haya kuma sun koma yawo ta waya, inda kowace sidi ke barin sawu. A 2024 aka buɗe wa Rent Control shafin intanet domin rajista da shigar da ƙara. Cinikin da ake binnewa a zaure yanzu yana da sauƙin tonowa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne haraji. Hukumar tara haraji ta ƙasa, GRA, tana karɓar kashi 8 cikin 100 na kuɗin hayar gidan zama, da kashi 15 cikin 100 na shago, rumbu ko ofis, kuma ana son a biya cikin kwana 30 da karɓar kuɗin. Mu ɗauki misali. Mai gida a Yendi ya ba da ɗaki a kan sidi 200 a wata, ya karɓi na shekara biyu a dunƙule, wato sidi 4,800. Hukuma tana binsa sidi 384, kuma a wannan watan take so, ba a ƙarshen shekara biyun ba. Mai shago a kasuwar Bawku da ya karɓi sidi 6,000 na shekara, sidi 900 ne a kansa. Wanda ya yi jinkiri sai a ɗora masa kuɗin ruwa, ninki ɗaya da kwata na ma'aunin ruwan da doka ta tsayar, wanda ke bin na Babban Bankin Ghana, kuma kowane wata ana lissafa sabon ruwa a kan tsohon. Mai gidan da ya riga ya zuba kuɗin a bulo da kwanon rufi sai ya wayi gari da bashin da ke ƙaruwa yana barci. Ga Musulmin da ke gudun riba kuwa, damuwar biyu ce.

Wanda ya san tarihin yankin ba zai yi mamakin ƙin takarda da masu gidaje ke yi ba. Kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa ta, Salaga ce babbar kasuwar goro, inda fatake daga Kano, Katsina da Borno suke sauke kanwa, tufafi da fatu, su ɗauki goron Asante. Kowane ayari yana da mai masaukinsa, wanda zai ba shi wurin kwana, ya adana masa kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya masa in an ba da bashi, ya ɗauki la'adarsa. Jarinsa sunansa ne. Wanda ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga shi isa Kano. Da garin ya watse, 'yan kasuwa suka kai wannan tsari Kete-Krachi, Yeji da sauran zangogi. Har yau dattijon zango yana iya jin an zage shi idan ɗan haya ya ce a rubuta.

Amma ɗan hayan yau ba bafatake ba ne da zai dawo baɗi da ayari. Ɗalibar kwalejin jinya ce a Kpembe, kusa da Salaga, ko malamin da za a iya yi wa canjin wurin aiki a tsakiyar shekara. A Bawku, inda rikicin sarauta da dokar hana fita suka sa ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa barin gari, tambayar ta fito fili: wanda ya biya shekara biyu ya zauna wata biyar, wa zai mayar masa da sauran? In babu takarda, sai rantsuwa da kame-kamen shaidu. Mai gidan ma bai tsira ba. Doka ta ba shi damar neman a fitar da wanda ya wuce wata ɗaya bai biya ba, amma kotu ce kaɗai ke ba da wannan umarni, kuma cire ƙofa ko yaye rufi don a kori mutum laifi ne. Da me zai tsaya gaban alƙali, alhali shi ma bai yi rajista ba?

Masu gidaje suna da hujjarsu, kuma ta cancanci a saurara. Bashin banki na gini ya fi ƙarfin talaka, kuɗin siminti ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka kuɗin gaba shi ne jarin ƙara ɗaki. Ƙasar kuma tana da giɓin gidaje da aka ƙiyasta da kusan miliyan 1.8, shi ya sa mai neman ɗaki ba ya iya ja da mai shi. Shirin taimakon haya da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, ya ƙaddamar a Janairun 2023, inda gwamnati ke biyan mai gida a dunƙule ɗan haya ya riƙa biya wata-wata, shi kansa amincewa ce cewa dokar wata shida ba ta aiki yadda aka tsara.

A nan ne alhakin hukuma yake. Kpandai ta zama gunduma mai zaman kanta tun 2008, bayan an cire ta daga Gonja ta Gabas, amma manomin doyar da ya gina ɗakuna huɗu a bayan gidansa ba ya karanta sanarwar Turanci a intanet. Ba adalci ba ne a bar shi cikin duhu shekara da shekaru, sannan a zo masa da lissafin ruwa. Kamata ya yi a bi gidajen rediyo, masallatai, majami'u da fadojin sarakunan zango, a bayyana dokar da Hausa, Dagbanci, Gonjanci, Kusasanci da harshen Konkomba, a kuma ajiye jami'in rajista a harabar kowace majalisar gunduma, ko da ranar kasuwa ce kaɗai.

Kafin hakan ta samu, mai gida ya taimaki kansa. Ya sa a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, da sunaye, adadin kuɗi, tsawon zama da shaidu biyu, ya kai ta rajista kafin kwana 14 su cika, ya ba ɗan haya katinsa. Ranar da kuɗi suka shigo hannu, ya ware kason GRA tun kafin ya aika a sayo siminti, ya biya, ya adana rasit.