Gwada Ma'aunin Damuwa Kafin A Auna Majiyyaci Da Shi

Majiyyacin da ya taso daga Kiyako ko Gwaram zuwa Asibitin Tarayya na Birnin Kudu da ciwon suga ko tarin fuka, jikinsa yake kawo wa likita. Da wuya ya ambaci ƙuncin rai ko fargabar da ke hana shi sukuni. Alhali kuwa wanda baƙin ciki ya danne shi ne kan yi watsi da magani, kuma maganin tarin fuka sai an yi wata 6 ana shansa ba fashi. Saboda haka masana suka shirya jerin tambayoyi gajeru, waɗanda ma'aikacin jinya zai iya tace marasa lafiya da su.

To, amma a nan gizo ke saƙa. Yawancin irin waɗannan tambayoyi suna bin diddigin gajiya, da rashin barci, da ƙin abinci. Mai tarin fuka zai amsa da i ga dukkansu, ko da zuciyarsa fari ƙal take. Wannan ne ya sa likitoci biyu a Ingila, watau Zigmond da Snaith, suka fito da ma'aunin HADS a 1983, suka janye alamomin jiki daga cikinsa. Tambayoyi 14 ne, 7 na fargaba, 7 na baƙin ciki, kowace da maki daga 0 zuwa 3. Wanda ya sami 11 ko fiye a ɓangare guda, ana ɗauka lalle yana bukatar a duba shi.

Sai dai mudun wata kasuwa ba a auna da shi a wata sai an gwada. Wata tambaya cikin HADS tana kwatanta tsoro da malam-buɗe-littafi yana shawagi a cikin mutum. Bature ya san nufinta. Manomin Kiyako kuwa tsutsar ciki zai zata, domin shi faɗuwar gaba ya sani. Don haka akan sa wani ya fassara zuwa Hausa, wani dabam da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, kana a gwama.

Fassara ma somin taɓi ce. Ainihin gwajin shi ne a yi wa majiyyata tambayoyin, sa'an nan likitan ƙwaƙwalwa, wanda aka ɓoye masa makinsu, ya zauna da kowannensu ya yanke nasa hukuncin. Daga nan ake lissafa masu ciwon nawa ma'aunin ya kama, da masu lafiya nawa ya ɗora wa ciwon da ba su da shi. Irin wannan aiki Abiodun ya yi a Ilori, ya buga a 1994. In aka sassauta iyakar maki, masu lafiya za su yi wa likitocin ƙwaƙwalwa cincirindo, ga su kuwa ƙalilan ne a ƙasar nan. In aka tsananta, mai ciwon zai koma gida ba a gane shi ba.

Har ila yau, an tsara HADS ne don mutum ya cike da hannunsa. Inda karatun boko bai yawaita ba, karanta wa majiyyaci ake yi, sau da yawa a gaban miji ko suruka. Matar da aka tambaya ko tana jin daɗin rayuwa a irin wannan zama, kunya da kawaici za su sa ta ce alhamdu lillahi, a rubuta mata sifiri.