Wane ne baƙo a kasuwar Maraɗi?

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakar Ɗan Isa. Mun ga yadda kaya suka yi tsada a kasuwannin Maraɗi. Can Jibiya ma direbobi da ƴan dako zaman kashe wando suka yi, har aka buɗe hanya a watan Maris na 2024. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba.

Ba abin mamaki ba ne. Katsinawan da jihadi ya kora su ne suka kafa sarautar Maraɗi a ƙarni na 19, Gobirawa kuma suka zauna Tibiri. Gulbin da ke ratsa ƙasar Jiratawa daga wajen Katsina yake gangarowa. Iyakar kuwa Turawan Faransa da Ingila suka shata ta.

Saboda haka, iyayenmu mata da Alhazan kasuwa, in mai saye ya zo da naira, kada mu tsuga masa kuɗi ko mu tauye masa tiya don muna ganin baƙo ne. Wanda ya cuce shi, ɗan ɗakinsu ya cuta.