Kura Da Shan Bugu: Tarihin Finafinan Gawa Mai Tafiya A Kasuwar Kaset

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan cikin shekarun 1970 ya san kalmar zombi, domin kuwa ita ce sunan waƙar nan da marigayi Fela Anikulapo Kuti ya yi wa sojoji habaici da ita, inda ya kamanta su da wanda ba ya motsi sai an ba shi umarni. Amma kaɗan ne daga cikin masu karatu za su san cewa wannan kalma ta zama jarin wata sana'a a ƙasashen Turawa, watau sana'ar shirya finafinan ban tsoro da kuɗi ƙalilan, a sayar da su a kaset ɗin bidiyo. Ko da mutum ba ya sha'awar kallon irin waɗannan finafinai, tarihinsu ya cancanci a tsaya a ji shi, saboda a cikinsa ne za a ga yadda kuskure ɗaya ya raba wasu samari da dukiyarsu, ya kuma buɗe wa dubban mutane hanyar cin abinci.

Asalin kalmar

Daga ƙasar Haiti kalmar ta shiga bakin duniya. A camfin mutanen can, waɗanda kakanninsu bayi ne da aka kwaso daga Afirka, zombi shi ne mamacin da boka ya tayar daga kabari ya sa shi bauta a gonar rake, ba ya magana, ba ya gardama, ba ya neman lada. Wannan tsoro ne irin na bawa, wanda yake fargabar kada mutuwa ma ta kasa 'yanta shi. Sojojin Amurka sun mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, kuma a wannan tsakani ne labarin ya ƙetara teku. Wani marubuci mai suna William Seabrook ya kawo shi a littafinsa na 1929, sa'an nan a 1932 aka yi fim ɗin White Zombie, wanda Bela Lugosi ya fito a cikinsa a matsayin bokan.

To, wancan zombi na Haiti abin tausayi ne, ba ya cin kowa. Mai cin naman mutane da aka sani a yau, a garin Pittsburgh na jihar Pennsylvania aka ƙirƙiro shi.

Mutum goma da dala 6,000

George Romero da abokinsa John Russo masu shirya tallace-tallacen talabijin ne. Da suka ƙudura yin fim, sai su goma suka haɗa dala 600 kowane, suka kafa ɗan kamfani mai suna Image Ten. Daga baya wasu suka ƙara jari, har abin da aka kashe ya kai wajen dala 114,000, kuɗin da a wurin manyan kamfanonin Hollywood bai taka kara ya karya ba. Suka sami wani tsohon gidan gona kusa da Evans City, suka ɗauki fim ɗin da hoto mai baƙi da fari. Jinin da aka gani a jikin 'yan wasa ruwan cakulan ne, kayan cikin da gawarwaki ke ci kuwa daga wurin mahauci aka samo. Makwabta da abokai su ne suka sa tsummoki suka zama matattu.

Labarin gajere ne. Matattu sun tashi, mutane bakwai sun ɓuya a gida ɗaya, maimakon su haɗa kai sai suka kama jayayya a tsakaninsu har dare ya cinye su. Jarumin fim ɗin, Duane Jones, baƙar fata ne, abin da ba a saba gani ba a Amurka ta wancan zamani, kuma bayan ya tsira daga matattu sai masu rai suka harbe shi da gari ya waye. Abin mamaki, ko sau ɗaya ba a kira waɗannan halittu zombi a cikin fim ɗin ba. An kira su da wata kalma ce da Turanci ya aro daga Larabci, watau gul, aljanin maƙabarta. 'Yan kallo da 'yan jarida ne suka laƙaba masu sunan da ya bi su.

An fara nuna Night of the Living Dead, ma'ana Daren Matattu Masu Rai, ranar 1 ga Oktoba, 1968. An ƙiyasta cewa ya tara wajen dala miliyan 30 a gidajen silima na duniya.

Alamar da aka manta

A nan ne gizo ke saƙar. Sunan da aka fara ba fim ɗin shi ne Night of the Flesh Eaters, kuma a kan allon da ke ɗauke da wannan suna aka rubuta alamar haƙƙin mallaka. Kamfanin Walter Reade, wanda ya karɓi aikin rarraba fim ɗin, ya canja sunan, ya cire tsohon allo ya sa sabo, amma bai mayar da alamar ba. Dokar Amurka ta lokacin kuwa ta ce duk aikin da aka fitar ga jama'a ba tare da wannan alama ba, ya zama na kowa da kowa. Sai a 1989 aka soke wannan sharaɗi, bayan aikin gama ya riga ya gama.

Da haka Romero da abokansa suka wayi gari ba su da ikon hana kowa kwafar fim ɗinsu. Shari'ar da suka yi da kamfanin rarrabawa ta ɗauki shekaru, abin da ya shigo hannunsu bai kai ya kawo ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Zuwan kaset

Asarar ba ta bayyana sosai ba sai da bidiyo ya shigo gidajen mutane. Kamfanin Sony na Japan ya fito da Betamax a 1975, JVC kuma ya biyo da VHS a 1976. Manyan kamfanonin fim suka ɗauki wannan na'ura a matsayin ɓarawo, har Universal da Disney suka kai Sony ƙara a 1976, ba a gama shari'ar ba sai 1984, lokacin da Kotun Ƙoli ta Amurka ta ba Sony gaskiya. A halin nan shagunan hayar kaset suna ta buɗewa a unguwanni, kantocinsu na neman abin da za a jera. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙananan dillalai suka cika kantocin da abin da ya fi araha, kuma babu abin da ya kai fim ɗin Romero araha, tun da ba a biyan kowa ko anini. Kamfanoni barkatai suka buga shi, wasu da hoto dishi-dishi, wasu ma har launi suka shafa masa.

Samarin da suka kalle shi a ɗakunan iyayensu sun koyi darasi guda: wannan aiki ba ya bukatar shahararren ɗan wasa, ko babban ɗakin ɗaukar hoto. Gida ɗaya, da kyamara, da tsofaffin tufafi, da abokai masu son a shafa masu toka a fuska, sun isa. Bugu da ƙari, mai haya ba ya ganin fim kafin ya biya, hoton bangon kaset yake dubawa, saboda haka wanda ya kashe dala dubu kaɗan yana iya zama kafaɗa da kafaɗa da wanda ya kashe miliyoyi, muddin bangonsa ya fi ban tsoro. Sau da yawa kuwa abin da ke ciki bai kai rabin alkawarin bangon ba, kuma gaskiya ita ce mafi yawan finafinan nan shirme ne.

Mutanen Italiya su ma ba a bar su a baya ba. Fim na biyu da Romero ya yi a kan matattu, Dawn of the Dead na 1978, an nuna shi a can da sunan Zombi. Shekara na zagayowa sai Lucio Fulci ya fito da nasa, aka sa masa suna Zombi 2, alhali ba shi da wata dangantaka da na farkon. A Amurka kuwa, a 1985 wasu mutanen garin Tulsa suka ɗauki Blood Cult da kyamarar bidiyo cikin 'yan kwanaki, suka tura shi shaguna kai tsaye ba tare da ya bi ta gidan silima ba.

Duk da yawan shirmen, wannan kasuwa ta zama makaranta. Sam Raimi yana da shekara 20 ya shiga dajin jihar Tennessee da abokansa suka ɗauki The Evil Dead, wanda ya fito a 1981, shi ne kuma daga baya ya ba da umarnin Spider-Man a 2002. Peter Jackson na ƙasar New Zealand ya shafe shekara huɗu yana ɗaukar Bad Taste a ranakun hutun ƙarshen mako, kafin ya yi fim ɗin matattu mai suna Braindead a 1992, sa'an nan duniya ta san shi da The Lord of the Rings.

Fushin hukuma a Ingila

Ba kowa ne ya yi murna ba, kuma masu ƙorafi suna da hujja. A gidan silima akwai mai tsaron ƙofa da zai kori yaro, amma kaset yana shiga ɗaki ba sallama. A Ingila dokar tace finafinai ba ta haɗa da kaset ba a farkon shekarun 1980. Wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Mary Whitehouse ta tashi haiƙan, jaridu suka mara mata baya, 'yan sanda suka shiga kwashe kaset daga shaguna. Ofishin mai gabatar da ƙara ya jera finafinai 72 a baƙin littafi, aka yi nasara a kotu a kan 39 daga cikinsu, fim ɗin Fulci na ciki. A 1984 majalisa ta kafa dokar da ta tilasta a tace kowane kaset a kuma rubuta shekarun wanda ya dace ya kalla. Sai dai hanin ya zame wa wasu finafinan talla, don matasa sun riƙa farautar jerin nan a ɓoye, ana kwafa daga hannu zuwa hannu.

Nan gida

Irin wannan hanya ce masu fim na ƙasar nan suka bi, ko da yake abin tsoronmu daban ne. A 1992 Kenneth Nnebue ya fitar da Living in Bondage cikin harshen Ibo, labarin mutumin da ya ba da matarsa ga 'yan tsafi don ya yi arziki, fatalwarta ta hana shi sakat. An ɗauke shi da kyamarar bidiyo, aka sayar a kaset, kuma daga gare shi ake ƙirga farkon kasuwar finafinan kudu. Su ma ba a daɗe ba masu satar fasaha suka zame masu ƙarfen ƙafa. Gawa mai tafiya irin ta Romero kuwa ta iso Legas a 2014, a fim ɗin Ojuju na C.J. Obasi, inda gurɓataccen ruwan sha ne ya haukata mutanen wata unguwar talakawa.

Zamanin kaset ya wuce. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar, ya daina a 2016, kallo ya koma faifai, daga nan ya koma waya da intanet. Amma araha ba ta daina haihuwar abin mamaki ba, domin a 2017 wasu 'yan Japan sun yi One Cut of the Dead da yen miliyan 3, ya dawo da abin da ya ninka haka fiye da sau dubu.

Dokar yau, a Amurka da nan Nijeriya, ba ta ƙwace wa mutum aikinsa don ya manta wata alama. Abin da ya rage shi ne takardar yarjejeniya tsakanin mai fim da mai rarrabawa, wadda har gobe ake sa wa hannu cikin ɗoki ba a karanta ba. Matasanmu da ke ɗaukar fim a Kano da Legas da Anacha, ya kamata su san wane ne ke da fim ɗin bayan an miƙa shi, na tsawon wane lokaci, kuma nawa ne rabon kowa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Shi dai Romero ya ci gaba da sana'arsa har ya rasu a birnin Toronto ranar 16 ga Yuli, 2017, yana da shekara 77. Tun a 1999 Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa fim ɗinsa na farko cikin jerin waɗanda za a adana don tarihi. Har yanzu kuma duk wanda ya ga dama yana iya kwafar ainihin fim ɗin na 1968 ya sayar, ba tare da ya nemi izinin magadansa ba.