Kangon Corfe da kuskuren masu zanen fentin ruwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu koyon zane, wai duk kangon da aka gani a kan tudu tsufa ne ya kai shi ƙasa, iska da ruwan sama suka yi ta cin sa har ya ruguje. Da wannan zato ne mutum zai ɗauki buroshi ya zana kagarar Corfe, wadda ke gundumar Dorset a kudancin Ingila, ya fito da bangayenta lub-lub kamar suna narkewa, ya kuma ɗauka ya yi abin kirki. Fentin ruwa, wato garin launi da aka kwaɓa da ƙaro irin wanda ake samu a jikin dakwara a Sudan da Chadi da arewacin Nijeriya, ana tsinka shi ne da ruwa a shafa a takarda, kuma da yake yana bazuwa da kansa, sai ya ƙara wa mai kuskuren ƙarfin gwiwa.

Ba tsufa ne ya rushe Corfe ba. An fara gina ta a ƙarni na 11, zamanin William wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, a kan tudun da ke tsare mashiga tsakanin tsaunukan Purbeck, kuma a farkon ƙarni na 12 Sarki Henry na Ɗaya ya ɗora mata hasumiyar farin dutse mai tsawon kimanin mita 21. Ta zauna a hannun sarauta har 1572 da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta sayar da ita, sannan a 1635 Sir John Bankes ya saye ta. Da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa, matar Sir John, Mary Bankes, ta tsare kagarar a 1643 da mutane ƙalilan, sojojin Majalisa suka yi mata zobe na kimanin mako shida suka tashi a banza. Sai a 1646 aka ci kagarar, shi ma ta hanyar cin amana daga cikin gida, kuma a shekarar ce Majalisa ta ba da umarnin a lalata ta don kada wani ya sake fakewa da ita. Aka haƙa ramuka a ƙarƙashin bangaye, aka cusa albarushi, aka tayar.

Shaidar wannan aiki tana nan har yau ga duk mai ido. Akwai hasumiyoyin da suka karkace suka tsaya a haka, akwai manyan curin gini da suka gangara gefen tudu ba tare da duwatsunsu sun rabu da juna ba, kuma ƙofar kudu maso yamma ta tsage biyu, ɓangare ɗaya ya zame ƙasa ya bar ɗan'uwansa. Wanda idonsa ya saba da badalar Kano, inda damina ke zaizaye jar ƙasa har kan gini ya zama dunƙule, shi ne ya fi saurin faɗawa tarkon, domin ginin dutsen da albarushi ya fasa kaifi yake bari da kusurwa. Sauran ɓarnar, ta mazauna ƙauyen da suka kwashi duwatsu suka gina gidajensu, ƙarama ce idan aka gwada. Abin takaici shi ne a ga mai zane ya miƙe hasumiyar da ta karkace, wai don hoto ya yi kyau. Wannan ƙarya ce aka shafa mata launi.

Hanyar gyara ba ta da wuya, haƙuri take buƙata. Ana farawa da fensir a kan takarda mai kauri, irin ta auduga mai nauyin giram 300 a murabba'in mita, a auna karkacewar kowane bango da fensir a tsaye a gaban ido kafin a ja layi. Sannan a jiƙa sashen sama da ruwa zalla a zuba shuɗi, a bar shi ya bazu ya ba da gajimare, amma a tsayar da jiƙon daidai bakin ginin, a kuma jira takarda ta bushe ƙayau kafin a taɓa dutse, domin gaggawa a nan ita ce ke haifar da gefen da ya narke. A fentin ruwa daga haske ake tafiya zuwa duhu, kuma farin takarda shi ne hasken hoto, saboda haka fuskar bangon da rana ta buga akan bar ta kusan yadda take, a sa inuwa a ɗaya gefen da shuɗi gauraye da ruwan ƙasa. Kaushin dutse kuwa da buroshi mai ƙarancin ruwa ake fito da shi, a ja shi sama-sama ya bar tabo-tabo. Tsaunukan nesa a dusashe su, curin ginin da suka faɗi a gangare a ba su inuwa mai nauyi don a san ba duwatsun daji ba ne.

Mai zane J. M. W. Turner, wanda ya zaga yammacin Ingila a 1811, ya zana wannan kango da fentin ruwa, kuma tun 1982 wurin yana hannun ƙungiyar National Trust, wadda ke buɗe shi ga masu ziyara. Ana kira ga malaman zane da su sa ɗalibi ya karanta abin da ya faru a 1646 kafin su ba shi izinin jiƙa takarda.