Abin da ya kamata ka sani kafin haɗa kwamfutar tebur a gida

Tsadar kwamfuta ta sa wasu matasa, musamman masu tace bidiyo da masu zane-zane, suna sayen kayan haɗi ɗaya bayan ɗaya domin su haɗa kwamfutar tebur da kansu.

Ɗaura kayan bai cika wahala ba. Asarar takan faru ne a wajen saye, inda mutum zai kai kaya gida ya tarar sun ƙi shiga juna, mai shago kuma ya ce ba ya karɓar abin da aka ɓare.

Fara da aikin da za ta yi

Kwamfutar rubuce-rubuce da shiga intanet ba ta buƙatar katin hoto mai tsada, kuma RAM mai gigabait 8 zai wadatar da ita. Mai tace bidiyo kuwa ya nemi 16 zuwa 32. Aikin ne zai nuna maka inda za ka fi zuba kuɗi.

Farosesa da madabod

Farosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, madabod kuma shi ne babban allon da ake dasa sauran kayan a kansa. Kowace farosesa tana da soket ɗinta, kuma ta Intel ba ta shiga allon AMD.

Soket ɗin LGA1700 na Intel yana ɗaukar zubi na 12 da 13 da 14. Kamfanin AMD kuwa yana da AM4 da ya fito a 2016, wanda ke aiki da RAM nau'in DDR4, sai AM5 na 2022 da ba ya karɓar komai sai DDR5. Tsagar da ke jikin waɗannan nau'o'i biyu ba wuri ɗaya take ba, don haka tursasa su ɓarna kawai zai jawo.

Haka kuma, farosesar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F ba ta fitar da hoto sai an haɗa ta da katin hoto.

Mai sayen kayan hannu ya tuna cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ita kuma Windows 11 tana buƙatar tsarin tsaro na TPM 2.0, sannan galibin farosesoshin Intel da suka girmi zubi na 8 ba sa cikin waɗanda ta amince da su.

Ma'adana da akwati

A ɗora manhajar Windows a kan SSD, domin ya fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba. A kuma duba girma: allon ATX yana da tsawon milimita 305, don haka ba zai shiga akwatin da aka yi wa ƙaramin allo ba.

Kada ka yi tsumulmular wuta

Na'urar rarraba wuta ita ce wadda aka fi rainawa, alhali idan ta ƙone tana iya tafiya da madabod da sauran kayan. A nan ne karin maganar araha ba ta ado ya fi tabbata. Nemi mai tambarin 80 Plus, wadda ƙarfinta ya ɗara abin da kayanka za su sha.

Da yake wutar lantarki a Najeriya ba ta da tabbas, kuma kwamfutar tebur ba ta da batiri, sanya kuɗin UPS cikin lissafinka tun farko.

Ranar haɗawa

Tanadi tebur mai tsafta, da sukundireba mai bakin tauraro, da littafin da ya zo da madabod. Zare wayar wuta, sannan ka riƙa taɓa ƙarfe kafin ka ɗauki kowane abu. Bushewar iskar hunturu tana ƙara tara lantarki a jikin mutum, wanda ke iya lalata kayan ba tare da wata alama ba. Kada ka manta da shafa man da ake sawa tsakanin farosesa da fankarta, idan ba ta zo da shi ba.

Ko a Computer Village ta Ikeja za ka saya, ko a Banex da ke Abuja, rubuta cikakkiyar lambar kowane abu, ka sa a gwada a gabanka, ka kuma karɓi rasit mai ɗauke da sharaɗin mayarwa kafin ka bar shagon.